Rahoton da aka rubuta a gindin dogon-yaro

Makonni uku da suka wuce wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama a ofis. Na koyar da shi dabarun bincike a shekararsa ta uku a jami'a, kuma yana cikin 'yan ƙalilan da na tabbata suna karanta abin da aka ba su kafin su shigo aji. Bayan mun gaisa na tambaye shi mutanen gida, sai na lura yana ta jujjuya wata waya mai fasasshen gilashi a hannunsa, kamar mai neman ta inda zai soma. Na ce masa, "Kai, faɗi abin da ke tafe da kai." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, fatawa na zo nema. Idan mutum ya yi aiki ba a biya shi ba, kuma shi ma ya yi ha'inci a cikin aikin, tsakaninsa da wanda ya sa shi wa ke bin wani bashi?"

Ga yadda abin ya faru. Bayan ya gama hidimar ƙasa ya shafe fiye da shekara yana zaga ofisoshi da takardu, sai wani ƙaramin kamfanin tuntuɓa a cikin garin Sakkwato ya ɗauke shi. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Kamfanin ya samu kwangilar tattara bayanan gidaje game da ruwan sha da noman rani a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari. Aka yi musu bita ta wuni ɗaya, aka loda musu tambayoyin a wayoyinsu na kansu, aka rarraba su. Shi rabonsa ya faɗa mazaɓar Mandera ta Shagari. Sharaɗin biya, wanda aka gaya musu da baki, shi ne za a lissafa wa kowa yawan fom ɗin da ya cike, a biya shi idan masu aikin sun saki kuɗi. Kuɗin mota kuwa an ba su a dunƙule tun ranar farko, kuma nasa ya ƙare a kwana na huɗu daga cikin kwana goma.

An ɗora wa kowannensu gida 15 a rana. Tambayoyin, in za a bi su kamar yadda aka tsara, suna cin kusan awa guda a kowane gida. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Ga shi lokacin damina ne, magidanta suna gona tun da sassafe, kuma baƙon namiji ba ya faɗa wa gidan mutane ya zauna da matan aure yana tambayarsu sau nawa suke ɗebo ruwa. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye ya san haka, amma a cikin ayarin nasu mata biyu ne kacal. Ya ci bashi ya riƙa hawa kabu-kabu. A kwana biyun ƙarshe ya rage masa wata unguwa da ke ƙetaren rafi, ga rafin ya kawo, ɗan kabu-kabun ya ce sai an ninka masa kuɗi zai zagaya da shi. Ya buga wa mai kula da su waya. Amsar da ya samu ita ce, "Ka dai san yadda za ka yi, gobe da dare za a rufe manhajar, kuma fom ɗin da bai shigo ba babu kuɗinsa."

Sai ya san yadda ya yi. Ya sami gindin wani dogon-yaro kusa da mai shayi, ya tsayar da wani bawan Allah da aka ce ɗan unguwar ne, ya yi masa 'yan tambayoyi, sauran kuma ya cike da ka. Gida 20 ya haifa a zaune, da magidantansu da 'ya'yansu da awakinsu. A cikin abin da ya rubuta har da cewa unguwar tana da rijiyar burtsatse mai aiki. Daga baya ne ya ji cewa rijiyar tana nan, amma ta daɗe da mutuwa.

Ban yi masa wa'azi ba, domin wanda ya taso takanas don ya tona wa kansa asiri ya riga ya yi wa kansa. Laifi dai ya yi shi, kuma ya sani. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma warin daddawar nake so mu tattauna a wannan mako.

Da farko, me kamfanin tuntuɓa yake sayarwa? Ɗan kwangilar gini yana barin bango, wanda ko makaho zai shafa ya ji in ya tsage. Kamfanin tuntuɓa takarda yake bari: rahoton da ke cewa gida kaza ne ke ƙauye kaza, kashi kaza ba su da ruwa, nan ya kamata a fara, can a jinkirta. Wanda ya ba da aikin yana Abuja, wani lokaci ma yana Washington ko Landan, ba zai taɓa taka Mandera ba. Ya sayi idon wani ne don ya gane masa. Wannan kasuwa ta bunƙasa a jiharmu saboda dalilin da ba abin alfahari ba ne. A ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamban 2022, kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya ne suka faɗa cikin talauci, mutum miliyan 133, kuma Sakkwato ce a kan gaba da kusan kashi 91. Inda talauci ya yi sansani, nan shirye-shiryen tallafi ke sauka. Akwai NG-CARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2020, akwai ACReSAL na dala miliyan 700 da ya biyo baya a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, ban da na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji. Shiri irin wannan yana buƙatar bincike kafin a fara, da bincike a tsakiya, da bincike in an kammala. (Ban ce kwangilar da ɗalibina ya yi wa aiki ta ɗaya daga cikinsu ce ba, girman kasuwar nake nunawa.) Manyan kamfanoni na Abuja da Legas ne kan lashe aikin, su yanko gefe su ba ƙananan kamfanonin jiha, su kuma su miƙa wa yaro mai waya. Kuɗin suna raguwa a kowane mataki, nauyin gaskiyar rahoton kuwa yana nan ɗungurungum a kan wanda ke can ƙasa.

Mu leƙa cikin irin wannan kamfani. Na shiga da dama, kuma kamanninsu ɗaya ne. Ɗaki biyu a saman bene, allo mai ɗauke da suna na Turanci mai tsawo, hotunan taron bita a bango. Oga shi ne manajan darakta, shi ne akanta, shi ne mai ɗauka da kora, kuma wayarsa ce asusun kamfani. Tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta halatta wa mutum ɗaya tilo ya yi rajistar ƙaramin kamfani, ko abokin shawara na jeka-na-yi-ka ma ba dole ba ne. Babu laifi a ƙanƙanta. Kowane babban kamfani daga nan ya taso. Matsalar ita ce idan kuɗin kafin alƙalami suka shigo, babu shamaki tsakaninsu da kuɗin makarantar yara da gyaran mota da gudummawar bikin ƙanwar uwargida. Kafin a je ga ma'aikatan fili, kaso na farko ya narke, sai a ce su jira na biyu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne harshen da ake rufe wannan da shi. "Mu nan 'yan'uwa ne." "Kai ƙanena ne, ba zan cuce ka ba." Yaron da ya nemi takardar ɗaukar aiki sai a dube shi kamar ya yi zagi, a ce ai bai yarda da mutane ba. Kunyarmu ta Hausawa, wadda ado ce a cikin gida, ta zama linzami a wurin aiki. Ma'aikaciya tana bin albashin wata uku, amma nauyin baki ya hana ta tambaya, domin Oga ne ya zo gaisuwar rasuwar mahaifinta har ya ba da buhun shinkafa. Alherin na gaskiya ne, ban musa ba. Amma da an biya ta haƙƙinta a kan kari, da ita za ta sayi shinkafar. Sannan ga saƙon Oga na WhatsApp da ƙarfe 11 na dare, cewa a gyara rahoto kafin Asuba. Ga ɗan yayarsa da aka naɗa shugaban sashen nazarin alƙaluma alhali bai taɓa buɗe manhajar ba. Ga wanda ya ƙware yana tattara komatsansa da zarar wata ƙungiyar waje ta yi masa tayi. Saboda haka kamfanin kullum sabo ne, kullum koyo ake yi a kan aikin mutane.

Wani zai ce ina doka? Tana nan, amma kamar an ɗinka ta ne da gangan don ta bar irin wannan ma'aikaci a waje. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma bai shafi wanda ake biya gwargwadon yawan abin da ya yi ba. Ɗalibina ya faɗa ta ƙofofin biyu. Dokar fansho ta 2014, wadda ta ce mai aiki ya zuba kashi 10 ma'aikaci ya zuba kashi 8, ta ambaci kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta tun farkon shekarun 1970 ne, ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su cika, kuma kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Sai dai aikin kwana goma ya ƙare tun kafin a kai ko'ina, kuma ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa, wato da yawa daga cikin masu digirin da ke zaune a waɗannan ofisoshi. Wadda ta fi kusa da rufe kowa ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010, da ta ɗora wa kowane mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 na jimlar albashi ga hukumar NSITF domin wanda ya yi haɗari a bakin aiki. Kamfanoni da yawa sun san wannan hukuma sarai, amma a matsayin wurin karɓo takardar shaida idan za a nemi kwangila. Da kabu-kabun nan ya kayar da yaron ya karye a hanyar Mandera, babu wata takarda a duniya da ke nuna cewa aiki ya kai shi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron irin waɗannan ƙararraki, to amma wa zai ɗauki lauya a kan kuɗin da ba su kai ladan lauyan ba?

Ana yawan cewa na'ura ta magance ha'inci. Gaskiya ne manhajoji irin su KoboCollect suna iya nuna inda mai tambaya ya tsaya da mintunan da ya ɗauka a kan kowane fom. Amma sai an sami wanda zai zauna ya duba, kuma sai yana son ya gani. Mai kula da ayari wanda shi ma kuɗinsa suna rataye da cikar adadi ba zai tono abin da zai hana shi barci ba. Duk ɗalibin da ya zauna a ajina ya san maganin: a koma wa kashi kaɗan na gidajen a sake yi musu wasu tambayoyin, a gwada da na farko. Wannan yana cin mai da alawus, don haka shi ne layin farko da ake gogewa idan ana matse kasafi.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne na yaro da ubangidansa. Mu a wannan yanki mun taɓa ganin abin da takardar ƙwararru ke haifarwa. A 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi matsakaiciyar madatsar ruwa a Bakolori, a kan Gulbin Sakkwato, a tafi sannu a hankali. Da aikin ya koma hannun kamfanin Impresit na Italiya, sai binciken da aka yi a farkon shekarun 1970 ya faɗaɗa shi ya zama ƙatuwar madatsa guda, kuma kamfanin ne ya gina ta tsakanin 1974 da 1978. Dubban manoma suka tashi daga gidajensu da gonakinsu. Manoman fadama da ke ƙasa da madatsar, waɗanda shinkafarsu ta dogara da ambaliyar kowace shekara, ba su sami gurbin kirki a lissafin ba. Rikicin diyya da rabon gonaki ya yi ta ruruwa har zuwa watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Adadin mamatan da gwamnati ta bayar da wanda mutanen yankin suke faɗa sun yi hannun riga har yau. A lokacin Bakolori tana cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara a 1996, kuma shugaban ƙasa ɗan garin Shagari ne. Ban kwatanta gida 20 na ɗalibina da Bakolori ba ta fuskar girma. Abin da ya haɗa su shi ne mutumin da bai shiga takarda daidai ba, babu shi a ranar rabo.

Adalci ya sa in faɗi uzurin masu kamfanonin, domin wasunsu abokaina ne kuma na san ba duka ne azzalumai ba. Sukan yi farashi a watan Janairu, a ba su aiki a Yuni, a biya su a Disamba. Wanda ya sa hannu a kwangila kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur, ya wayi gari kuɗin sufurin da ya rubuta ba su kai rabin abin da ake bukata ba. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga bisani aka rufe hukumar USAID, ayyuka suka tsaya cak da basussuka a kansu. Ga kuma abin da kowa ke faɗa a ɓoye, cewa a wasu wuraren sai an san hannun da za a shafa wa mai kafin fayil ya motsa. Duk na yarda. Amma mai kamfani yana da gida da mota da sunan da banki zai saurara. Yaron da ya gama hidimar ƙasa ba shi da komai sai waya. Idan aka ce ya jira sai masu aiki sun biya, an mayar da shi mai ba kamfani rance ke nan, ba tare da an nemi yardarsa ba, kuma idan riba ta zo ba a kiransa.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, don haka bari in sauko daga kan nawa. Mu malaman jami'a muna da hannu dumu-dumu a wannan kasuwa. Ba a cin kwangilar tuntuɓa sai an jera sunayen ƙwararru, kuma daga harabarmu ake ɗauko su. Shekarun baya wani ya roƙe ni takardar tarihin karatuna da aikina, ya ce zai saka ni jagoran bincike. Na ba shi. Bayan wata shida aka turo mini ɗan abin da aka kira "na goro", tare da rahoto mai ɗauke da sunana da Dakta a gabansa. Ban ga tambayoyin ba, ban horar da kowa ba, ban san ko ƙauyukan da aka lissafa an je su ba. Na karɓi kuɗin, lokacin kuwa ana cikin dogon yajin aiki ne, albashi a tsaye. Da ɗalibina yake ba ni labarin gindin dogon-yaro, wannan rahoton ne ya riƙa yi mini gizo. Shi aƙalla ya je har bakin rafin.

Na san wata baiwar Allah da ke gudanar da irin wannan kamfani da ma'aikata shida. Ba ta da wata hikima daga sama. Asusun kamfani daban, nata daban. Kowa, ko na kwana biyar ne, tana ba shi takarda shafi guda mai nuna aikinsa da ladansa da ranar biya. Kafin ta sa farashi takan tura mutum biyu su gwada tambayoyin a ƙauye na gaske, su dawo su gaya mata gida nawa ake iya yi a wuni. Tana biyan alawus kowace Alhamis ta banki, kuma tana biya ne bisa kwanakin aiki, don kada kowa ya ga riba a ƙirƙiro gidaje. Ta gaya mini ta sha rasa kwangila saboda farashinta ya fi na wasu, kuma sau biyu waɗanda suka ƙi ta suka dawo suna neman ta gyara musu abin da mai araha ya ɓata.

Shi ya sa nake ganin mabuɗin yana hannun masu ba da aikin, ma'aikatun gwamnati ne ko ofisoshin shirye-shirye ko ƙungiyoyin agaji. Wanda ya karɓi farashin da ya san ba zai kai mutum Mandera ya dawo da shi ba, ya san abin da ya saya. Ba sai an jira Majalisa ta gyara doka ba. Sharaɗi ɗaya a cikin kwangila ya isa ya canza abubuwa da yawa: ba za a saki kaso na gaba ba sai kamfani ya kawo shaidar banki cewa ya biya ma'aikatan fili, tare da lambobin wayarsu, a kira goma daga ciki a tambaye su. Jami'in da ke iya bin diddigin rasiɗin lemo da ruwan roba na taron bita ba zai gagara yin wannan ba. Mu kuma a jami'a, ya kamata sashe ya san duk rahoton da sunan malaminsa ya hau, kuma malamin ya iya tsayawa gaban abokan aikinsa ya kare shi.

Ɗalibin nawa na ba shi shawarar ya rubuta wa Ogansa, ya faɗi lambobin fom 20 ɗin, ya nemi a cire su ko a sake zuwa. Ya rubuta. An amsa masa da cewa rahoto ya riga ya tafi, an ma ƙaddamar da shi a wani otal, kuma kada ya tayar da zaune tsaye. Ranar Litinin ya turo mini saƙo cewa an biya shi rabin kuɗinsa, sauran sai kaso na ƙarshe ya fito. Ya ce idan sun shigo zai hau mota zuwa Shagari, ya nemi kansilan Mandera da mai garin unguwar, ya gaya musu abin da aka rubuta game da rijiyarsu. Na ce ya sanar da ni ranar, zan kai shi a motata.